Kurege da Suri Mai Suna Huɗu

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, in da daɗi mu riƙe ta.

Kurege ne dai. Ran kasuwa ya hau tushen kuka, ya ɗaga jela sama, ya ce, "Ni Kurege, babu inda ƙafata ba ta taka ba! Gabas na sha fura, yamma na yi aski, kudu har yaro aka sa wa sunana. Arewa kuwa na gaji da ita."

Ko ɗago kai ba wanda ya yi. Kowa ya san Kurege bai taɓa wuce Dutsen Ƙoƙo ba. Raminsa na gindin dutsen, kusa da wani tsohon suri, shi kaɗai. Tun da ya cinye irin gyaɗar Zomo, ya kuma ba Biri aron tulu mai huji, ba a ƙara yin sallama a ƙofarsa ba. In shiru ya ishe shi, sai ya jawo jelarsa gabansa ya ce, "Ina wuni?" Ya kaɗa ta, ya amsa wa kansa, "Lafiya lau."

To, ran nan akwai baƙi uku a kasuwa: tsoho Kunkuru, da Beguwa mai ƙaya, da Zabuwa ɗauke da buhun gyaɗa na guzuri. Daga nesa suke. Su ba su san Kurege ba.

Kunkuru ya matso ya ce, "Ɗana, ka san Tafkin Bagaruwa? Can aka ƙyanƙyashe ni. Ina so in gan shi sau ɗaya tun idona na gani. Gobe da safe za mu koma gida."

Kurege ya dubi buhun gyaɗa. Ya dubi bakin da ya ce masa "ɗana". Rabon da a kira shi da wani abu ban da ɓarawo, ya manta. Tafkin kuwa, sunansa kawai yake ji. Amma in ya ce bai sani ba, gyaɗa ta tafi, hira ta tafi.

Ya ce, "Baba, a can nake wanka. Ku biyo ni."

Suna tafiya, suna tafiya, sai ga wata 'yar hanya ta yi dama, ta shige cikin sabara. Kunkuru ya ce, "Ni kam ina jin ƙamshin ruwa ta nan."

Kurege ya ce, "Guminka ne, Baba. Can gidan Kura ne." Ya yi hagu da su, ya kai su gaban surin nan na ƙofar gidansa.

Ya ce, "Kafin tafki, sai an ga abubuwan tarihi. Wannan ita ce Fadar Sarkin Gara. Al'ada ita ce a ajiye gyaɗa cike da hannu a gindinta, a rufe ido, a yi gaisuwa."

Suka ajiye, suka rufe ido. Kurege ya kwashe ya cusa a kumatu.

Zabuwa ta buɗe ido ta ce, "Lah, har an karɓa! Malam Kurege, shekararta nawa?"

Ya ce, "Da yawa."

"Wa ya gina ta?"

"Magina. Kun gani? To mu tafi."

Ya ruga gaba, bai waiwayo ba. Da ya waiwayo, da ya ga Beguwa ta zare ƙaya ɗaya daga bayanta ta soke a jikin surin. Ta ce wa Zabuwa, "Mu a gidanmu, duk inda muka ziyarta sai mun bar ƙaya, don wurin ya san mun zo."

Suna tafiya, suna tafiya, suka kewaye dutse kaf. Kurege na gaba yana tsalle, Kunkuru na baya yana haki. Sai ga su a bayan surin nan.

Kurege ya ce, "Wannan Hasumiyar Aljanu ce. A ajiye gyaɗa, a rufe ido."

Suka ajiye, suka rufe ido, gyaɗa ta shige kumatu.

Zabuwa ta ce, "Ta yi kama da ta ɗazu."

Ya ce, "Magini ɗaya ne. Kun gani? To mu tafi."

Ya ruga. Beguwa ta soke ƙaya.

Da rana ta take, suka zauna a inuwa. Kunkuru ya ɗebi gyaɗa da kansa ya tura gaban Kurege, ya ce, "Ci, ɗana, kana wahala da mu. Wa ke jiranka a gida?"

Kurege ya dubi jelarsa. Ya ce, "Jama'a, Baba. Gidan cike yake, ba wurin zama."

Kaɗan ya rage ya faɗi gaskiya. Sai ya tuna in ya faɗa, za su tashi su nemi wani ɗan jagora, shi kuma ya koma gaida jela. Ya ce a ransa, zagaye ɗaya dai, ɗaya tak.

Suna tafiya, suna tafiya, sai Zabuwa ta tsaya cak ta ce, "Malam Kurege, sawun wa ye wannan a ƙasa? Ga na kunkuru, ga na beguwa, ga na zabuwa."

Ya ce, "Baƙin da na kawo jiya ne."

"Su ma uku, irinmu sak?"

"Irinku ne suka fi son yawon buɗe ido."

Suka ɓullo ta gefen suri. Wannan karon Kabarin Giwa ne. Gyaɗa ta shige kumatu, ƙaya ta shige suri.

La'asar ta yi. Kunkuru ya gaji, sai jan ƙafa. Can ya ce, "Ɗana, rana na tafiya. Tafkin fa?"

Kumatun Kurege sun cika tam, magana da ƙyar. Ya ce, "Saura wuri ɗaya."

Suri kuwa gefe nawa gare shi? Da suka sake zagayowa, sai ga su a gaban da suka fara. Daidai lokacin kasuwa ta watse, ga Zomo, ga Biri, ga Hankaka, ga jama'a duk sun biyo hanya za su gida. Suka tsaya kallo.

Kurege ya nuna suri ya ce, "Rumbun Tsohon Zaki."

Beguwa ta ce, "Ikon Allah. Wannan ƙayata ce."

Zabuwa ta ajiye buhu ta kewaya da gudu. Ta leƙo ta ce, "Yaya Beguwa, ga wata a nan! Ga wata kuma!"

Beguwa ta ce, "Uku na soka yau, a wuri uku. Ya aka yi suka taru a ɗaya?"

Biri ya ce, "Wane wuri uku? Nan fa Kurege ke shanya wankinsa."

Jama'a suka kwashe da dariya. Kunkuru bai yi dariya ba. Ya ce, "Bayin Allah, ina Tafkin Bagaruwa?"

Hankaka ya ce, "Ga shi can, Baba, bayan sabarar nan, 'yar hanyar dama. In ka yi tari a nan, kwaɗin can za su ji."

Kunkuru ya juyo a hankali ya dubi Kurege. Ya ce, "Tun safe na ji ƙamshinsa. Ɗana, me na yi maka?"

Kurege ya so ya ce, ba ka yi mini komai ba, Baba, hirar ce ban so ta ƙare. Karo na farko ke nan a rayuwarsa da gaskiya ta taso masa. Ya buɗe baki, sai gyaɗa: ta Sarkin Gara, ta Aljanu, ta Giwa, duk ta zubo tana gangarawa gaban jama'a.

Zomo ya ce, "To, ga Sarkin Gara ya yi amai."

Biri ya saɓa Kunkuru a kafaɗa, Hankaka ya shige gaba, kowa ya bi su don a cim ma tafki kafin rana ta faɗi. Kurege na tsaye yana jin muryoyinsu suna nisa. Ya jawo jelarsa gabansa ya ce, "Ina wuni?"

Ya jira. Jelar ma ba ta motsa ba.

Ƙurunƙus, kan kurege. Wanda duk zai yi jagora bai san hanya ba, ya nemi suri mai gefe biyar, kuma kada ya yarda ya ɗauki beguwa.