Mai Raɗa wa Sabidiyus Sunaye

An ce an yi wani mutum, sarki ne a komai sai dai a suna, domin a birnin Rum aka yi shi, a zamanin da Rumawa suka rantse ba za su ƙara naɗa sarki ba, har kalmar ma ƙyamarta suke yi. Sunansa Sabidiyus, jagoran yaƙi ne, ya shekara tara yana cin ƙasashen gabas. Da ya komo sai ya sauka da rundunarsa a bayan gari, don dokar Rumawa ta hana jagoran yaƙi shiga birni da makami. Shi kuwa jira ba halinsa ba ne. Ya shiga tanti ya fita, ya sa a ɗaura wa doki sirdi ya ce a kwance, abinci ma a tsaye yake ci.

Abin da ya hana shi sakat gonaki ne. Ya yi wa sojojinsa alkawarin ƙasar noma, ga shi a cikin birni wani wakilin talakawa mai suna Numisiyus ya kawo doka a karɓe filayen jama'a da manyan majalisa suka mamaye, a raba wa waɗanda suka rasa gonakinsu. Saura kwana biyu a jefa ƙuri'a. Mutanen ƙauye sun yi ta kwararowa don su mara wa dokar baya, har suka cika wani fili a bakin kogi, bayan ganuwa.

Ran nan da hantsi sai ga wani dattijon majalisa, Hirtuliyus, mutum mai tumbi da taushin murya, an ɗauko shi a kan kujera. Ya ce, "Ya jarumin Rum, in aka raba filayen nan ga 'yan zaman banza, me za ka ba sojojinka? Mu za mu sama musu ƙasa, mu kuma ɗora ka a kujerar shugabancin shekara. Abu ɗaya muke so. Ka rubuta mana mutum ɗari daga cikin masu zuga taron can, a kafa sunayen a dandali, duk wanda sunansa ya fito jininsa ya halatta. Sauran za su watse da kansu."

Sabidiyus ya amsa tun dattijon bai rufe baki ba, domin ya gaji da zama, kuma kisa aiki ne da ya iya. Sai bayan baƙon ya tafi ya tuna bai san sunan ko mutum ɗaya a taron ba.

To, manyan Rumawa suna da wata al'ada. Duk mai neman ƙuri'a yakan ajiye bawa wanda aikinsa haddace mutane. In sun shiga jama'a sai bawan ya bi shi a kafaɗa yana raɗa masa sunan duk wanda ya tunkaro, shi kuwa ya kama hannun mutumin ya kira shi da suna, kamar tare suka tashi. Kowa ya san dabarar, kowa kuma yana jin daɗinta, haka ɗan Adam yake. Na gidan Sabidiyus wani tsohon Bagirke ne, Filota, wanda ya yi wa mahaifin jarumin wannan aiki tun kafin a haifi jarumin. Aka kira shi, ya zo yana jan ƙafa.

Sabidiyus ya tura masa allon rubutu, irin nasu da ake shafe wa kakin zuma a zana da tsinken ƙarfe, ya gaya masa abin da yake so.

Filota ya dubi allon, ya ce, "Ya sarki, na ji."

Jarumin ya zabura. "Sarki? So kake a jefe ni? Wa ya ce maka ni sarki ne?"

"Mahaifinka yakan tambaye ni suna don ya gaisa da mai shi. Wanda ke tambayar suna don ya kashe mai shi, ban san wani laƙabi da ya dace da shi ba."

"Tsufa ya sa bakinka ya yi tsawo. Rubuta."

"Ya shugabana, da zan iya da na yi. Amma sunaye ba a cikin kaina suke zaune ba, a fuskokin masu su suke. Sai na ga hanci da gemu sannan suna yake faɗo mini. In kana so, mu je filin, ina raɗa maka kana rubutawa."

Sabidiyus ya san akwai wayo a maganar, amma gaggawa ta fi ƙarfinsa. Ba dama ya shiga taron da sulke, sai ya yafa farin mayafin nan da ake gogawa da alli, wanda masu neman ƙuri'a ke sawa. Ya soke allon a cikin ninkin mayafin, suka fita.

Nan ya yi kuskuren da bai hango ba. Mutanen ƙauye na ganin farin mayafi suka ɗauka goyon bayansu ya zo nema, sai suka yo kansa da murna, kowa na miƙo hannu. Barume kuwa in yana cikin wannan mayafi ba ya ƙin hannun da aka miƙo masa, tun yana yaro aka hore shi a kan haka.

Filota ya matso kunnensa. "Wannan mai furfurar Pakiyus ne, yana cikin masu zugar. Mai gonar zaitun ne a da. 'Ya'yansa biyu sun shiga rundunarka, babban ya mutu lokacin da kuka yi wa wani birnin dutse ƙawanya. Babu mai taya shi noma, sai barorin Hirtuliyus suka tura shingensu suka haɗiye gonar."

Sabidiyus ya ce ta gefen baki, "Suna kawai na ce."

"Shekara arba'in haka nake yi, ya shugabana: suna, da sana'a, da abin da ke damun mutum. Bakina bai iya raba su ba."

Kafin ya amsa, Pakiyus ya riga ya riƙe hannunsa, sai ya ji bakinsa na cewa, "Pakiyus! Ina gajiya? Ɗanka ya mutu mutuwar maza." Tsohon ya fashe da kuka yana sa masa albarka. Da suka wuce, Sabidiyus ya juya baya ya zana sunan a allo.

Haka suka yi ta kutsawa cikin rana da ƙura da warin tafarnuwa. Wannan Salbiyus ne, ƙanensa ke riƙe tutar runduna ta uku. Wancan Statiyus ne, surukinsa ke gyara maka takalmin yaƙi. Gumi ya jiƙa jarumin, allin mayafin ya dame a wuyansa. Ya ƙara sauri don a gama, sunayen kuwa suka ƙara yawa. Ya fara gane cewa 'yan zaman banzan da aka ce masa, iyayen sojojinsa ne da 'yan'uwansu, kuma yaƙinsa ne ya kwashe musu masu riƙe garma. Abin ya dame shi ƙwarai, amma ya riga ya ba Hirtuliyus magana, sai ya ci gaba da rubutu. Ya kai suna goma sha bakwai.

Can kusa da keken shanun da Numisiyus ke tsaye a kai yana jawabi, wani mutum ya tare musu hanya. Gajere ne kakkaura, hannunsa na dama ya yanke daga gwiwa. Bai yi murmushi ba, ya dai miƙo na hagu.

Sabidiyus ya kama hannun, ya karkata kunne yana jiran raɗa. Shiru. Ya ɗan taka ƙafar Filota. Tsohon ya tsaya yana kallon sama kamar mai duba hadari.

Mutumin ya ce, "Ranka ya daɗe, ba ka gane ni ba?"

"Haba, ya za a yi in manta ka? Kai ne... kai ne..." Ya waiga, ya ce a hankali, "Filota, yi magana, ko in sa a tsire ka yau."

Filota ya amsa da ƙarfi, yadda na kusa za su ji. "Ya shugabana, raina a hannunka yake, amma wannan sunan ba nawa ba ne. A hannunka aka ba da shi ajiya."

Numisiyus ma ya dakata da jawabi. Mai dungun ya ce, "Ranar ƙetare kogin nan mai ja, da dokinka ya faɗi sulke ya ja ka ƙasa, ni na nutsa na fito da kai. Ina riƙe da kai da wannan hannun aka sare shi. Na dawo gida na tarar gonata ta zama makiyayar tumakin wani."

Sai ranar ta dawo wa Sabidiyus sarai: sanyin ruwan, da ɗanɗanon laka, da jinin da ya wanke masa fuska. Komai ya tuna ban da sunan. Kunya ta rufe shi irin wadda bai taɓa ji ba. Ya ce, "Ɗan'uwana, ka yafe mini. Faɗa mini sunanka."

Yana sunkuyawa allon ya zame daga mayafinsa ya faɗi a tsakaninsu. Mutumin ya yi soja, ya iya karatu. Ya dubi jerin sunayen, ya dubi jarumin.

"In faɗa don ka cika na goma sha takwas?"

Sabidiyus ya durƙusa a cikin ƙura a gaban talakawan Rum, ya ɗauki allon, ya sa babban yatsa ya murje kakin da rana ta riga ta tausasa, suna bayan suna, har ya zama sumul. Ya ɗaga shi sama, ya ce da muryar da yake ba runduna umarni, "Ku shaida, babu sojan da zai taɓa kowa a filin nan. Jibi ku jefa ƙuri'arku." Sannan ya sake duban mai dungun. "Yanzu fa?"

Mutumin ya ce, "Na gaya maka sau ɗaya a bakin kogi, ka rantse ba za ka manta ba har ka mutu." Ya juya ya shige cikin taro.

A hanyar komawa Sabidiyus ya yi ta tafiya a hankali, har tsohon na cim masa. Ya san ya yi asarar kujera da abotar majalisa. Ya ce, "Filota, don girman mahaifina, kai ka gaya mini."

Tsohon ya ce, "Ba zan faɗa ba, ya shugabana. Ka bi gonaki ka neme shi da ƙafarka, za ka san mutane da yawa a hanya. Wanda sai an raɗa masa sunan mutum kafin ya gaishe shi, bai san shi sanin da zai yanke masa hukunci ba."