Fuskar Uwar Inna Kande

Ku matso kusa, yau labarin ba na dariya ba ne.

A wani ƙauye na ƙasar Damagaram an yi wata tsohuwa, Inna Kande, wadda uwarta ta rasu a wajen haihuwarta. Ta tashi da labarin cewa wani Bafaranshe ya taɓa zana uwar da fentin ruwa, ita da wasu mata huɗu. A gindin rubabben rumbu ya tsayar da su, amma da yake mutumin ba ya rasa ƙari, sai ya kewaye su da karyayyun ginshiƙan dutse na wani kufai da ba a taɓa yin sa ba. Da ciwon ajali ya kama Inna, ta daina cin abinci. Ta ce wa 'ya'yanta uku, "Ni dai in ga fuskar uwata."

Babban, Mato, ya bar gonarsa ana tsakiyar shuka. Wata biyu yana bin gari gari, har ya samo takardar zanen a ƙasan adakar jikan kukun Baturen. Ya dawo ya tarar ciyawa ta cinye gonar.

To, ga mata biyar, kowace fuska ba ta fi ƙwayar gero ba. Wace ce uwar? Na biyun, Jibo, ya ji akwai ɗaya cikinsu da ke da sauran numfashi a wani gari. Ya goyo ta yini biyu, ƙafarsa na jini. Matar ta ɗora yatsa a kan wata mai tulu a cikin zanen, ta ce ita ce, ta fashe da kuka.

Kaico, kafin nan idon Inna ya rufe, ta daina gani. Aka miƙa mata takardar, ta shafa, ta ce, "Ban ga komai ba." Sai autan, Ila, ya ɗauko ƙwarya ya wanke mai tulun kamar yadda ake wanke allo. Yayyensa suka yi kansa, amma aikin gama ya gama. Ya ce, "Inna, sha, uwarki ce." Ta shanye, sannan ta ce, "Ashe haka take." Ta nemi fura. Kwana tara ta ƙara, hankalinta kwance.

Da za ta cika ta ce, "Wanda ya nuna mini uwata, shi zai karɓi kaina a kabari."

Ga gawa an yi mata sutura, ga rana na yi, ga mutum uku tsaye bakin kabari suna hawaye. To, ku faɗa mini, wane ne zai sauka?