Bututun Man Giya da Kujerar Makkan Iya Yelwa

Akwai wani ɗan kasuwar gyaɗa da aka yi a Haɗeja, saura kaɗan Turawa su tattara su tafi. Sunansa Abdulwahid. Gyaɗa ta karɓe shi, sai ya je Kano ya dawo da mota ƙirar Amurka, baƙa wuluk, doguwa kamar kwalekwale. Ba ta da kuloci, da kanta take canza giya. Har daga garin Baturiya mutane suke zuwa su leƙa ƙafar direba, su ga ko da gaske ne.

Mahaifiyarsa, Iya Yelwa, shekara talatin ta yi tana bandar kifi a bakin kogi, har hayaƙi ya kashe mata ido ɗaya. Burinta guda ne: ta ga Ka'aba da wanda ya rage. A shekarar ta samu kujera a jirgin alhazai na ƙarshe da zai tashi daga Kano. Da guminta ta same ta, ba da gyaɗar ɗanta ba.

Saura kwana huɗu tafiya, wani tsohon maƙeri mai suna Mala ya zo wucewa ta ƙofar gidan. Ya taɓa yin shekara goma yana gyaran inji a wajen masu jirgin ƙasa. Ya hangi ɗigon mai ja a kan yashi, ƙarƙashin motar. Ya durƙusa, ya dangwala, ya sansana, sannan ya kwanta rigingine ya leƙa.

Da ya fito ya ce, "Ɗana, akwai gyara. Bututu biyu ne sirara a nan, suna kai man giya gaba ya huce ya dawo. Ɗaya yana gogar ƙarfen jikin motar, ya siɗe, har ya fara tsatsafo. Ba ni kwana biyu. In lanƙwasa sabo, in ɗaure shi yadda ba zai ƙara guga ba."

Abdulwahid yana kan tabarma da mutanensa. Ko tashi bai yi ba.

"Baba Mala, wannan fa ba fartanya ba ce."

Aka kwashe da dariya.

Direbansa Zarami, wanda ya tsufa a tuƙin babbar mota a hanyar Nguru, ya ce, "Maigida, kwantar da hankalinka. Sabulu da robar tayar keke. Da su na sha kai mota har Maiduguri, ko ɗigo babu."

Mala ya ce, "Zarami, bututun ruwa ka saba ɗaurewa. Wannan mai ne, da zafi yake gudu, da ƙarfi kuma. Cin roba yake yi. In ya tsiyaye, injin zai yi ta kuka, motar ba za ta motsa ba."

Zarami ya ce, "To malamin Amurka, mun ji karatu. Ana can ana jiran lauje a maƙera."

Mala ya kaɗe rigarsa. Ya ce, "In ba za a gyara ba, a sa Iya a jirgin ƙasa na gobe daga tashar Malam Madori. Ta isa Kano da wuri, ta huta."

Maganar ta shiga cikin gida. Iya Yelwa ta kira ɗanta.

"Auta, sa ni a jirgin ƙasan nan. Ni ba kallo nake so a yi mini ba."

"Haba Iya! Ki zauna cikin awaki da kwandunan kaji, ina da mota? Duk gari na gaya wa ni zan kai ki. Kunya za ki ba ni?"

Ta haƙura. Mu iyaye mata wannan haƙurin ne yake cutarmu. Jirgin ƙasa ya zo ya wuce.

Zarami ya murje sabulu ya liƙe wurin, ya naɗe da roba tam. Ɗigo ya tsaya. Kowa ya ce ai ga shi nan.

Ranar tafiya unguwa ta cika. Mata suna guɗa, tun ba a tashi ba ana ta "Hajiya, a yi mana addu'a." Sai ga Mala da sabon bututu a hannu. Ba wanda ya sa shi, ya ƙera abinsa.

"Ɗana, kafin rana ta ɗaga na gama ɗaurawa."

"A kwance mini mota a gaban jama'a? Zarami, ta da ita."

An yi ruwa kwana biyu a jere. Hanya ta zama taɓo, inda ba taɓo ba yashi. Motar tana nishi, mai yana ƙara zafi. Wajen Kaugama wani ƙauri ya cika motar.

Iya Yelwa ta ce, "Auta, wani abu yana ƙonewa. Ni na san ƙauri."

"Sabuwar mota haka take, Iya. Taka, Zarami."

Ya taka. Injin ya yi kururuwa, motar ta tsaya cik a tsakiyar fadama. Suka fito suka waiwaya. Ga jan layi a bayansu iya ganin ido. Robar ta narke, man ya ƙare, giyar ta ƙone ƙurmus. Sabon bututu ma yanzu ba zai yi komai ba.

A kan jaki aka fitar da tsohuwar, cikin yayyafi. Jirgin ƙasa ba kullum yake zuwa ba. Kwana biyu suka yi a tasha suna jira. Da suka isa filin jirgi a Kano, aka ce alhazai sun tashi tun jiya.

Ta zauna a kan ƙullin kayanta. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi wa ɗanta baki ba. Ya durƙusa yana cewa baɗi in Allah ya yarda, baɗi da kansa zai riƙe mata hannu.

Ta ce, "Auta, jama'a sun gan ka, buƙatarka ta biya. Tashi ka mayar da ni gida."

Da suka dawo, wata maƙwabciya ta tare ta da "Sannu da zuwa, Hajiya." Ta ce, "Kada wanda ya ƙara kirana da sunan da ban kai ba."

Ruwan da ya doke ta a fadama ya sauka mata a ƙirji. Kafin a yanke shinkafa aka kai ta makwancinta.

Daga baya Abdulwahid ya je ya yi mata aikin Hajji. Allah ya karɓa. Amma ita gani ta so ta yi da idonta, kuma ba ta gani ba.

Darasi: In abin hawanka ya fara ɗigo, ka tsaya a gyara shi gyaran gaskiya, ban da liƙe-liƙe. In mai sani ya yi magana, ka saurara ko da rigarsa duk gawayi ce. Kuma in za ka yi wa iyayenka hidima, ka yi musu yadda suka roƙa, ba yadda za a yaba maka ba. Ku tura wa 'ya'yanku masu mota, da duk wanda tsohuwarsa take da rai.