Kan Nomau a Randar Zuma

To jama'a, kowa ya gyara zama. Mai tari ya yi tarinsa tun yanzu, don in na fara ba na son a katse ni.

A ƙauyen Dogon Marke an yi wani mutum, Nomau. Mutumin kirki ne wallahi, sai dai kwaɗayi. Duk abin da ya mallaka a duniya jaki ne guda ɗaya, yana ji da shi kamar ɗan fari. Wata rana da hantsi matarsa Hajo ta tafi rijiya, sai gogan ya lallaɓa ɗaki ya buɗe randar da take ajiye zuma. Saura ɗan kaɗan a gindi. Ya lakato da yatsa bai gamsu ba, ya ce bari harshe ya je da kansa. Kai ya shige sumul, kunnuwa suka kwanta suka ba shi hanya. Da ya zo fita, suka miƙe suka ce ba su san zancen ba.

Hajo ta dawo ta tarar da randa tana yawo a tsakar gida da ƙafafun mijinta. Ta dafa ƙirji ta ce, "Na shiga uku! Malam, kai ne a ciki?"

Murya ta fito kamar daga rijiya: "A'a, baƙo ne! Kira mutane mana!"

Maƙwabta suka cika gida. Aka shafa man shanu, aka zuba miyar kuɓewa, aka ja ƙafa, a banza. Wuya sai kumbura yake, numfashi yana ƙaranci. Wani mai ƙarfin banza ya ɗauko taɓarya ya maka wa randar. Ko gezau ba ta yi ba, don kaurinta ya kai na bango, amma Nomau ya ji kamar aradu ta faɗo masa a ka. Tsoro ya kama shi na gaske. Ya kwarma ihu: "Kada a ƙara! Duk wanda ya fitar da ni da kaina lafiya, jakina nasa ne!" Yana rufe baki ya fara nadama.

Delu ce ta fara matsowa, dillaliyar tukwane, wadda ba a taɓa sayar mata da fasasshiya ba. Ta cire zobenta ta shiga ƙwanƙwasa randar tana kasa kunne. Ko'ina ƙal, ƙal, tana amsawa garau, Nomau kuwa yana jin kowane bugu har cikin haƙori. Can wajen wuya, daidai kunnensa na hagu, sai ƙarar ta mutu. Delu ta ce, "Yauwa, ga ta. Akwai tsaga a ciki, ido ba ya ganinta. Tukunya daga inda take da miki take fashewa." Ta ɗiga gawayi a wurin, ta ce a samo abu mai tsini a taɓa nan kaɗai. Aka sa ƙusa, ƙusa ta lanƙwashe kamar dafaffen rogo.

Sai aka kira Shekarau maƙeri. Da gaggawa ya ƙera tsinken ƙarfe, ya gasa shi har ya yi fari, ya tsoma a ruwan sanyi. Ya yi tauri kam, amma bugun farko bakin ya ɓalle. Shekarau ya duba karayar ya ga ƙwayar ƙarfen manya-manya kamar tsaki, ya ce, "Wuta ta yi masa yawa. Nomau, yi haƙuri, ina zuwa." Nomau ya ce, "To da ina za ni?" Maƙeri ya koma ya dake ƙarfen da guduma har ƙwayarsa ta yi laushi kamar gari, ya gasa shi har ya yi ja kawai, ya tsoma a man gyaɗa, sannan ya ɗan ɗumama shi bisa garwashi har ya yi launin karan dawa. Ga tauri, ga jure bugu. Ya ɗora tsinin kan ɗigon Delu, ya ɗan taɓa da guduma. Tsagar ta zagaye randa, ta dare biyu kamar ɓawon gyaɗa. Nomau ya fito yana haki, gemu duk zuma.

Ana cikin barka sai ga Inna Tambai, maginiyar randar, tana dogara sanda. Ta ɗauki ɓari ɗaya ta nuna wa jama'a wata 'yar tsakuwa a bakin karayar. Kowa ya san tukwanen Tambai, jikoki ke gadonsu, don tankaɗe yumɓunta take yi kamar garin tuwo. Ta ce ranar da ta gina wannan tana faɗa da maƙwabciya kan kaza, tsakuwar ta wuce mata. A wuta yumɓu ya tsuke, tsakuwa ta ƙi, tsaga ta fito siririya kamar gashi, ita kuma ta shafe ta da jar ƙasa ta sayar wa Hajo. Ko kunya babu ta dubi Nomau ta ce, "Ɗan nan, da na yi aikina yadda na saba, da da randar nan za a binne ka."

Nomau ya kwanto jakinsa yana share hawaye. Ya juyo da igiya, sai ya ga hannu uku a miƙe. Delu ta ji tsagar da ba mai gani. Shekarau ya ƙera abin da ya buɗe ta ba tare da ya taɓa ko kunne ba. Tambai kuwa, ba don sakacinta ba, da babu tsagar da za a ji, balle a buɗe.

Jaki dai ɗaya ne, kuma ba ya rabuwa. To ku da kuke ta dariya, a hannun wa Nomau zai sa igiyar nan?