Rediyon Kalilu da Rijiyoyin Burkusuma

Akwai wani mai gyaran rediyo a kasuwar Sabon Birni, sunansa Kalilu. Bai wuce aji huɗu na firamare ba, amma shi ya fara haɗa wa masallacin unguwarsu lasifika da batirin mota.

Lokacin da aka yi fari a 1984, makiyaya kan kora shanu kwana biyu zuwa rijiya, su tarar ta ƙafe. Abin ya dami Kalilu. Ya tattara matattun rediyo, ya yi wata uku yana harhaɗa wayoyi, har ya ƙera na'urar da ke kai murya daga rumfarsa zuwa rediyoyin makiyaya har ƙauyen Burkusuma.

Kowace safiya direbobi su kawo masa labari, shi kuma ya sanar: rijiya kaza da ruwa, kaza ta ƙafe. Abokinsa Labbo, wani makiyayi, ya maimaita da Fillanci. Garke da yawa sun tsira.

Sai aka turo wani injiniya mai suna Wada aikin ruwa. Duk ƙauyen da ya shiga, maganar Kalilu ake yi. Ya zo rumfar, ko sallama babu.

"Kai ne Kalilu? Ina takardarka ta ilimi?"

"Ranka ya daɗe, ba ni da ita. Dabbobi munka ga suna mutuwa. In akwai gyara, nuna man, za ni gyarawa."

Wada bai ko dubi na'urar ba. Ya kai ƙara cewa Kalilu na aika sirri ƙetaren iyaka. Aka farfasa na'urar a gaban 'yan kasuwa, aka tsare Kalilu kwana tara. Mutumin da ke ceton dabbobin jama'a fa!

A cikin waɗannan kwanaki tara Labbo ya kora garkensa zuwa wata rijiya wajen garin Isa, bai san ta ƙafe ba. Shanu goma sha ɗaya suka faɗi a hanya.

Daga ranar, babu ƙauyen da ya ƙara nuna wa Wada inda ruwa yake. Ya haƙa rijiya uku, duk busassu, aka ɗauke shi daga aikin.

Da aka saki Kalilu, Labbo ya zo rumfar riƙe da rediyonsa.

"Malam Kalilu, kwance wanga ka sake farawa. Saura shanu shida gare ni."

Darasi: Idan ka ga mai basira yana amfanar jama'a, taimake shi, kada girman kai ya sa ka rusa shi don ba shi da takarda. Talakawa ne ke ɗaukar asarar. Ku tura wa 'yan'uwa su karanta.