Wasan da Yaya Ta Zaɓa wa Baba

Yaya mace ce mai zuciyar nema, amma Allah ya jarrabe ta da rashin haƙuri. Tana da shagon ɗinki a bakin titi, kuma ma'aikatanta sun laƙaba mata suna Yanzu-Yanzu, domin ba ta iya jiran mutum ya kai ƙarshen maganarsa. Ita ce babba a ɗakinsu, ita take yanke hukunci, ƙannenta sai dai su ce to.

Da mahaifinsu ya samu shanyewar ɓarin jiki, ita ta ɗauko shi ta kawo gidanta. Baba tsohon direban babbar mota ne, mutum mai barkwanci, amma ciwon ya nauyaya masa harshe, hannunsa na dama kuma rawa yake yi. Likita ya ce kada a bar shi shi kaɗai. A riƙa jawo shi cikin hira, a samo wasan da za a yi tare da shi a kan tebur, don hannun ya riƙa motsi, zuciyarsa kuma ta sake.

Yaya ta ja ƙaninta, Auta, suka nufi wani babban kanti. A hawa na sama suka tarar da kwalayen wasanni jere a kan kanta, wasu da hoton doki, wasu da taswira. Auta ya ɗauko ludo mai manyan 'ya'ya, ya jujjuya shi.

"Yaya, wannan fa? Kin ga Baba zai iya riƙe su. Jefa ɗan katakon nan mai ɗige-ɗige ne kawai, ba sai ya yi magana da yawa ba."

"Haba Auta! Wasan yara zan kai wa Baba? Ajiye."

"To mu kira shi mu ji ra'ayinsa mana."

"Kafin ya gama faɗa an rufe kantin nan. Ni ina da ɗinki yana jira na."

Idonta ya faɗa kan wani ƙaton kwali mai sheƙi. Wasan haɗa kalmomi ne, da 'yan ƙananan katakai masu ɗauke da haruffa, da wata 'yar kwalba mai yashi da ake kifewa don auna lokaci. Wanda yashi ya ƙare masa bai haɗa kalma ba, ya faɗi. Yaya ta ce wannan ne zai farfaɗo da ƙwaƙwalwar Baba da sauri. Auta ya buɗe baki, ta riga ta kai kwalin wurin mai karɓar kuɗi.

Da yamma aka jawo tebur tsakiyar falo. Baba ya sa aka canja masa riga, ya fito yana dogara sanda, fuskarsa cike da murna. Jikokinsa biyu suka zauna kusa da shi, ya dube su ya ce, a hankali, yau sai ya cinye su duka. Aka yi dariya.

Da layi ya zo kansa, Yaya ta kife kwalbar. Baba ya miƙa hannu zai ɗauki harafi, katakon ya suɓuce ya gangara ƙarƙashin kujera. Ya sake gwadawa, gefen hannunsa ya ture kalmomin da aka riga aka jera. Yashi yana ta zuba. Gumi ya keto masa a goshi. Ya san kalmar da yake so, tana bakinsa, amma ta ƙi fita.

"Baba, yi sauri mana, lokaci zai ƙare," in ji Yaya. "Kawo in sa maka."

Ta fizge haruffan daga gabansa ta jera su da kanta. Ƙaramar jikar, ba tare da sanin nauyin abin ba, ta tafa hannu ta ce Kaka ya faɗi, sai da Mama ta taimake shi.  Baba ya dubi hannunsa ya daɗe, sannan ya lalubi sandarsa ya koma ɗaki.

Yaya ta ɗauka fushin kwana ɗaya ne. Amma Baba bai ƙara zama a falo ba. Abinci sai a ɗaki, kuma ba ya ci sai an fita an ja masa ƙofa, don kada a ga yadda cokali yake rawa a hannunsa. Ya daina motsa yatsun da likita ya koya masa. In jikokin sun leƙo, sai ya juya fuska bango. Da aka koma asibiti, likita ya duba hannun ya girgiza kai, ya ce ya ƙara sandarewa, ya tambaya ko wani abu ya faru a gida. Yaya ta sunkuyar da kai.

Bayan nan Baba ya roƙi Auta ya tafi da shi gidansa, duk da cewa shi Auta ɗaki ɗaya da falo gare shi. Ranar tafiyar, Yaya ta durƙusa a bakin mota tana hawaye.

"Baba, don Allah ka yafe mini. Ka zauna, zan gyara."

Ya ɗora hannunsa mai lafiya a kanta.

"Na yafe," in ji shi, yana jan kowace kalma da ƙyar. "Ke mai sauri ce, 'yata. Ni kuwa na zama mai nauyi. Je ki, aikinki yana jira."

Mota ta tashi. Yaya ta daɗe a durƙushe a wurin, kuma ranar ba ta buɗe shago ba.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, duk abin da za ka zaɓa domin iyali, ko da wasa ne, ka auna shi da ƙarfin wanda ya fi kowa rauni a cikinku, kada ka auna da naka. Ka tambayi mutum abin da yake so, sannan ka yi haƙuri har ya gama ba ka amsa. Kyakkyawar niyya ba ta isa ba in babu haƙuri a tare da ita, domin gaggawa tana iya kunyata wanda ka yi nufin faranta wa rai.