Inna Tabawa da Ɗan Dodon Ruwa

Ga ta nan, ga ta nanku, 'yan jikokina.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

A wani gari na bakin kogi akwai wata maginiyar tukwane, Inna Tabawa. 'Ya'ya tara ta rena, ba wanda ta taɓa ɗaga wa hannu.

Wata rana da hantsi sai kogi ya dare biyu, har ana ganin yashin ƙasansa. Sai ga Dodon ruwa ya fito, tsawonsa ya wuce rimi, yana janye da ɗansa Ɗankumfa. Kowa ya gudu, ban da Tabawa, don hannunta na cikin yumɓu.

Dodo ya ce wa Tabawa ya doki yaron nan, ya ɗaure shi, ya hana shi abinci, abin sai gaba yake yi. In ya yi fushi ruwa tashi yake, kuma fushin ya kusa fin ƙarfin uban.

"Na ba ki shi kwana bakwai. In bai gyaru ba, garinku zai nutse, ni ma ba zan iya tarewa ba."

Tabawa ta karɓe shi.

Ran farko sai Ɗankumfa ya yi ta jifa da tukwane, ya fasa goma sha biyu. Tabawa ta tsuguna har idonta ya yi daidai da nasa.

"Tukunya ba abin jifa ba ce, ɗana. In hannunka na son jifa, ga curin laka, ga gindin kuka."

Ya jefi kuka har ya gaji. Sai suka kwashe kasake tare, ta nuna masa yadda ake kwaɓa yumɓu.

Rana ta uku sai ya fizge ƙwaryar furar wata jikar Tabawa, ya yi ruri, ruwan randuna ya yi ta tafasa ba wuta. Tabawa ta jira ya yi shiru. Ta ce ta san yunwa yake ji, amma furar wani ba tasa ba ce. Ya zaɓa: ya mayar da kansa, ko su je tare. Ya ce su je tare. Da ya mayar, ta dama masa tasa.

Rana ta shida sai ya gina 'yar tukunya da hannunsa. Garin murna ta suɓuce ta fashe. Nan take ya dunƙule, ya rufe kai da hannu yana jiran duka. Sama ta yi baƙi. Kogi ya miƙe tsaye kamar ganuwa, kifaye na yawo a cikinsa, inuwarsa ta rufe gari.

Tabawa ba ta dubi ruwan ba. Ta zauna kusa da shi, ta dafa bayansa.

"Tsoro kake ji. Ba wanda zai taɓa ka. Yumɓu bai ƙare ba."

Sai yaron ya fashe da kuka a kafaɗarta. Yana kuka, ruwa na sauka a hankali, har ya kwanta.

Ran bakwai Dodo ya dawo, ya tarar da ɗansa yana shafe bakin sabuwar tukunya. Ya tambayi Tabawa wane magani ta ba shi. Ta ce ba magani. Sai ta tambaye shi me yakan ce wa yaron in ya yi abin kirki.

Dodo bai taɓa lura da abin kirkin yaron ba.

Sai ya durƙusa, ƙasa ta girgiza. Ya ɗauki tukunyar da yatsa biyu, karkatacciya ce, ya juya ta.

"Kai ka yi wannan? Ka yi ƙoƙari, ɗana."

Ɗankumfa ya yi dariya, irin wadda ubansa bai taɓa ji ba. Mutanen da ke leƙe ta bayan danga suka ga Dodo yana share ido.

Ƙurunƙus, kan ɗan kusu. In ƙaramin ku ya yi kuskure, ku nuna masa yadda zai gyara. In ya gyara, ku faɗa masa kun gani.